Waken Da Turawa Suka Ƙi, Mu Muka Cinye

Jama'a, a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya, saboda an sami maganin ƙwari mai suna dichlorvos a cikinsa fiye da ƙima. Wannan magani ba baƙo ba ne, shi ne fiya-fiyar da wasu ke zubawa a buhu don kada ƙwari su huda wake. Manyanmu suka yi ta kukan asarar kuɗin waje, amma ban ji wanda ya tambaya ba: waken da aka ƙi saye, tukunyar wa ya faɗa? Ƙosai da alala aka yi da shi, 'ya'yanmu suka ci.

Ni manomi ne mai noma da takin dabbobi da toka da ruwan ganyen darbejiya, kuma na gaji da a riƙa kirana ɗan ƙauye. Wanda ke yi mini dariya ya je fadama da damina ya kasa kunne, ya gaya mini ina kukan kwaɗin da muka sani. Ya tambayi masu ɗaura amya yadda ƙudan zuma ke mutuwa bayan feshi, alhali ita ce ke sa kankana da kabewa su yi 'ya'ya. Gamalin da aka riƙa zubawa a ruwa don kama kifi, yarjejeniyar Stockholm ta sa sinadarinsa cikin jerin haramtattu tun 2009.

Laifin ba na talaka kaɗai ba ne. Da zaɓe ya ƙarato sai ɗan siyasa ya zo da famfon feshi da jarkokin magani, a buga ganga, a ce tallafi ne, ba tare da malamin gona ko ɗaya da zai koya wa mutane awo ba. Ga buhu mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba guba ko ɗigo. Me ya sa ba a raba shi da ganga?

Kada a ce ina neman a hana komai dare ɗaya. A 2021 shugaban Siri Lanka, Gotabaya Rajapaksa, ya haramta shigo da takin zamani da umarni guda, amfanin shinkafa ya faɗi, aka janye dokar cikin watanni, a 2022 shi kansa ya gudu daga ƙasar. Gaggawa aikin shaiɗan ce. Abin da muke nema shi ne malaman gona a ƙauyuka, da gwajin hatsi a kasuwa irin ta Dawanau kafin ya shiga gidajenmu.

Ku kuma marubuta, alƙalaminku ya sha yi wa soyayya hidima. Ku ara wa cikin talaka shafi ɗaya. Allah ya sa mu gane.