ABIN TUNANI: Kututture ya mutu ko yana da rai?

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Amma sau da yawa abin da mutum ya saba ji shi ke hana shi gani.

Ga misali daga ƙasar Maradi. A da, manomin kirki shi ne mai gona fes, babu icce babu kututture. In bazara ta yi, sai ya sassabe sabara da kalgo, ya tara, ya sa wuta. Wanda ya bar tsiro cikin gonarsa, rago ake ce masa. Kuma a lokacin itace na hannun gwamnati. Manomi ya sari na gonarsa ba izini, ma'aikatan gandun daji su ci shi tara. Don haka ba ya barin icce ya girma.

Sai iska ta samu hanya. Ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka.

A 1983, wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maradi, ya duƙa ya dubi tsiron nan da kyau. Ashe icce ne da aka sare, saiwarsa tana nan da rai. In an bar rassa kaɗan masu ƙarfi, aka yanke sauran, sai ya tashi. Wannan shi ne sassaben zamani. Da fari an yi dariya. Lokacin yunwar 1984 manoma da yawa suka gwada, aka ga amfani. Zuwa 2009, masu bincike sun ƙiyasta itace kamar miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5, galibi a Maradi da Damagaram.

Kututturen nan kullum manomi yana ganin shi. Bai dai ɗauke shi icce ba, saboda ba haka ya ji ba.

Saura maganar hakki. Wanda ya reni gawo shekara da shekaru, wani ya zo da dare ya sare, an cuce shi. An cuci gari ma, don gobe ba mai sake reno. Makiyayi yana bukatar ƴaƴan gawo da ganye da rani, dabbobinsa kuma suna bar wa gona taki. Ya nemi izinin mai gona, kada ya guntule icce. Mai gona kuma kada ya hana abin da ya faɗo ƙasa.

Kafin gatari ya sauka bana, a duƙa a duba.