Hana tashe a Kano: Me Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa za su yi da nasu?

A watan Maris na 2025, rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sake dakatar da wasannin tashe, kamar yadda ta yi a azumin 2024. Dalilin da ta bayar shi ne ɓata-gari na fakewa da wasan suna faɗan daba da ƙwacen waya.

A hukumance umarnin bai shafi Jigawa ba, tunda rundunarta daban ce. Sai dai duk wanda ya san arewa maso yammacin jihar ya san cewa abin da ya taɓa Kano ba ya daɗewa bai iso can ba. Kazaure na kan hanyar Kano zuwa Daura, tana maƙwabtaka da Ɗambatta, kuma har zuwa 27 ga Agustan 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa, Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa duk a cikin Jihar Kano suke.

Saboda haka tambayar da ke gaban waɗannan garuruwa ita ce: idan matsalar ta ƙwanƙwasa ƙofarsu, za su bi sawun birni su rufe wasan, ko za su nemi hanyar gyara shi? Kafin a amsa, ya kamata a san abin da za a rasa.

Wasan da ba a rubutawa

Tashe yakan fara ne daga daren goma ga watan azumi. Yara maza da mata su haɗa ƙungiya, su bi gida-gida bayan shan ruwa, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Wani ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda a wasan Tsoho da Gemu. Wani ya ɗauko tarkacen saiwoyi ya zama Jatau Mai Magani. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa kayan maza ta zama miji. A birnin Kano kuma akwai Nalako, wanda ke jagorantar tashen gwauraye.

Waƙar kowane wasa sananniya ce, kowa ya gaje ta. Amma abin da ke sa a yi dariya shi ne wanda ba ya cikin waƙar: yadda yaron zai dubi maigidan da ya fito, ya lura marowaci ne ko mai kyauta, ya jefa masa magana nan take. Idan matar gida ta mayar masa da martani, dole ya samo amsa kafin dariyar ta huce. A gida na gaba kuma mutanen daban ne, abin da ya yi aiki ɗazu ba lalle ya yi yanzu ba.

Yaron da ya yi dare ashirin yana wannan, ya shiga gidaje masu yawa, ya koyi abubuwa uku da duk ɗan wasan barkwanci ke buƙata: sauraro, saurin mayar da magana, da sanin inda ake tsayawa.

A Amurka da Turai, wannan sana'a ce da ake biyan kuɗi a koya. Gidan wasan Second City da aka buɗe a Shikago a 1959 ya ginu ne a kan wasannin horo da Viola Spolin ta tsara, waɗanda tun farko da yara ta gwada su. Babbar ƙa'idarsu ita ce kada ka ƙaryata abin da abokin wasanka ya kawo, ka karɓa ka ɗora a kai. Yaran tashe na bin wannan ƙa'ida ba tare da wani ya ba ta suna ba: jagora ya jefa, 'yan amshi su cafe.

Daga ƙofar gida zuwa talabijin

Tashe matakin farko ne kawai. A samansa akwai 'yan kama, waɗanda ke ɗaukar salon wa'azin malamai ko waƙar manyan mawaƙa su juya komai ya koma zancen tuwo da nama. Akwai 'yan gambara da habaicinsu a kasuwanni. A fada akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa. A karkara akwai kalankuwa bayan girbi, inda samari ke naɗa wa junansu muƙaman masu mulki. A Damagaram, wadda yankinta ke iyaka da Babura, akwai wasan kara, inda ake kwaikwayon hukumomi da kayan da aka ƙera da karan dawa.

Lokacin da rediyo da talabijin suka zo, da wannan jari aka shiga. Yawancin wasannin da suka yi tashe a Kaduna da Kano da Jos ba a rubuta maganganunsu kalma-kalma ba. Akan zauna a tsara ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, sauran kuma a bar wa bakin ɗan wasa. Haka aka san Usman Baba Pategi da Samanja, Ƙasimu Yero da Karambana, Abdullahi Shu'aibu da Karkuzu. Rabilu Musa Ibro, wanda ya fito daga Ɗanlasan, da irin wannan baiwa ya mamaye finafinan barkwanci na Kannywood.

Dukkansu sun riga mu gidan gaskiya: Ibro a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025. Babu wata makarantar koyon barkwanci da ta yaye su. Al'ummar da suka taso cikinta ce ta horar da kunnensu da harshensu. Idan aka toshe wannan rijiya, daga ina magadansu za su sha?

Izinin da waya ba ta ɗauka

Za a iya cewa ai barkwanci bai mutu ba, ya koma TikTok da Facebook ne. Gaskiya ne, kuma matashin Roni ko Gwiwa da ke da waya da data yanzu zai iya samun masu kallon da Samanja bai samu a farkon aikinsa ba. Amma akwai abin da ya faɗi a hanya.

Barkwancin Bahaushe yana tafiya ne da izini. Jika na tsokanar kaka, taubashi na tsokanar taubashi, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. Kowa ya san wa ya halatta ya taɓa, kuma a wane lokaci. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya a 2014. Tashe ma izini ne na wata guda: yaro ya kwaikwayi malami ko tsoho a gabansa, a yi dariya, a ba shi sadaka. Idan ya wuce gona da iri, nan take za a tsawata masa, gobe ya gyara.

Bidiyo ba ya tafiya da wannan izini. Wanda ya kalle shi a wani gari bai san alaƙar mai wasan da wanda ake tsokana ba, bai san lokacin da aka yi ba. Shi ma mai wasan kyamara yake kallo, ba fuskar mutane ba, don haka babu mai nuna masa ya isa haka. Sakamakon yakan zo ne daga baya, kuma daga hukuma.

A watan Nuwamban 2022, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda wani bidiyon barkwanci da suka yi kan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Ƙungiyar Amnesty International ta yi tir da hukuncin. Tun kafin nan, a 2008, an ɗaure Ibro kansa a Kano kan fim ɗinsa Ibro Aloko.

Wato ana matsar sana'ar ta fuska biyu. A ƙasa ana rufe filin da yaro ke koyon iyaka cikin sauƙi. A sama kuma wanda ya tsallake iyakar, ko wanda mai mulki ya ga ya tsallake, kotu ce ke jiransa.

Hujjar masu hanawa

Ba za a yi watsi da damuwar 'yan sanda ba. Faɗan daba da ƙwacen waya sun ci rayuka a Kano, kuma uban da ya hana ɗansa fita da dare yana da hujja. Akwai kuma malaman da ke ganin wasan na shagaltar da yara daga tarawihi da tafsiri, ko yana haɗa samari da 'yan mata cikin duhu. Wasu wasannin ma, irin su Macukule da ke tsokanar Gwarawa, sun cancanci a sake duba su a wannan zamani.

Amma duk waɗannan matsaloli ne na lokaci, da wuri, da sa ido. Ɗan daba ba ya buƙatar gemun auduga kafin ya yi ƙwace, kuma ba ya ajiye wuƙa don an hana tashe. Wanda hanin ya fi shafa shi ne yaro ɗan shekara tara da gwangwaninsa.

Inda ƙananan garuruwa suka fi birni

A nan ne yankin Kazaure yake da abin da Kano ta rasa. Birnin Kano ya yi girman da mai unguwa ba zai san duk wanda ya ratsa layinsa ba. A Gwiwa ko Roni ko ƙauyukan Babura kuwa, da wuya ƙungiyar yara ta shiga gida ba a san ɗan wane ne jagoransu ba. Tsarin mai unguwa, dagaci, hakimi har zuwa sarki yana nan da ƙarfinsa. Kazaure da Roni da Gwiwa na ƙarƙashin masarautar Kazaure ta Mai Martaba Alhaji Najib Hussaini Adamu, Babura kuma na masarautar Ringim.

Da wannan tsari, abubuwan da ake buƙata ba masu tsada ba ne. Kowace ƙungiyar tashe ta sanar da mai unguwa, a san babban da ke tare da ita. A tsayar da lokacin tashi, kada a kai tsakar dare. Kowa ya tsaya unguwarsu. Ƙananan hukumomi na iya ware yammaci ɗaya kafin goman ƙarshe, a haɗa ƙungiyoyi a filin makaranta ko ƙofar fada su gwada basira, a gayyato tsofaffin 'yan kama da suka rage su yi alƙalanci. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure na iya naɗar wasannin da sautinsu, a adana. Masu barkwancin waya na yankin su ma za su amfana da tsayawa gaban mutane masu rai, su ji inda dariya ke tashi da inda take mutuwa.

A watan Disamban 2024, UNESCO ta amince da hawan sallar Kano a matsayin gadon al'adun duniya, aka yi ta murna. Hawan doki al'adar manya ce, tana da masu kare ta da masu kashe mata kuɗi. Tashe na yara ne da talakawa, babu mai magana da yawunsa a wurin da ake yanke shawara, shi ya sa sanarwa ɗaya ke isa ta dakatar da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan masarautun Kazaure da Ringim da shugabannin ƙananan hukumomin huɗu suna son wasan ya rayu cikin aminci, a Sha'aban ya kamata a zauna da masu unguwanni da limamai da 'yan sanda. Idan aka jira sai an sari wani a daren sha biyu ga azumi, to hanawa ce kaɗai za ta rage a kan tebur.