Yamai, Kano ko Ƙonni: Ina Marar Mota Zai Zauna?

Duk lokacin da aka yi wa ma'aikacin gwamnati canjin wurin aiki, ko ɗan kasuwa ya yi niyyar buɗe rumfa a wani gari, tambaya ta farko ita ce kuɗin hayar gida. Ta biyu kuwa, wadda sau da yawa ta fi cin albashi, ita ce yadda mutum zai je aiki, kasuwa da asibiti alhali ba shi da motar kansa. Mafi yawan jama'ar ƙasar nan a wannan hali suke, saboda haka ya kamata a auna garuruwa da wannan mudu.

A Yamai marar mota yana da zaɓi: taksin haɗaka, ƙananan bas da ake kira faba-faba, da motocin kamfanin SOTRUNI waɗanda ba su taɓa wadatar da birnin ba. Amma birnin ya yi faɗi ƙwarai, har mazaunin unguwannin bayan gari yakan shiga mota biyu kafin ya kai ofis. A Kano an hana acaɓa a watan Janairu na 2013, sai A Daidaita Sahu ta gaji aikin, tare da cunkoso da hayaƙi. Dakar ce ta ɗauki wata hanya dabam: ta buɗe jirgin ƙasa na birni da kewaye a ƙarshen 2021, ta kuma fara bas masu aiki da lantarki a kan hanyarsu ta musamman a 2024. Can fasinja ya san lokacin tashi, ya kuma san kuɗin da zai biya tun kafin ya bar gida.

A kallon farko Birnin Ƙonni ya fi su sauƙi. Gari ne matsakaici, wanda ƙafa da kabu-kabu ke gama shi. Yana bisa babbar hanya mai lamba ɗaya, manyan bas na Yamai, Maraɗi da Damagaram suna ratsa shi kullum, ga mararrabar Tsarnawa mai kai mutum Tawa, ga kuma Sakkwato a ƙetaren iyaka. Sai dai wannan sauƙi na mai doguwar tafiya ne. Wanda zai je Yamai, tafiyar fiye da kilomita 400, yana da tikiti da kujera da lokacin tashi. Malamin makaranta da aka tura ƙauyen Illela, ko mai jinya daga karkarar Malbaza da ke neman asibitin Galmi, sai ya zauna a tasha har mota ta cika, ko ya jira ranar kasuwa: Laraba ta Ƙonni, Alhamis ta Badagishiri. Da damina ta ɓata hanya, amalanke ne gatansa.

Akwai kuma raunin da ya fi wannan. Shekara da shekaru arhar kabu-kabu a yankin tana tsaye ne a kan man ƴan ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya. Da aka janye tallafin mai a can a ranar 29 ga Mayu 2023, sannan aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli na wannan shekara, kuɗin hawa ya tashi, kuma babu wanda ya nemi shawarar fasinja. An sake buɗe iyakar a watan Maris na 2024, amma darasin yana nan: mai kwana a tabarmar aro ba ya barci da nauyi.

Maganin bai kai tsadar jirgin ƙasa ba. Ai ƙasar nan ta ga layin dogo na Yamai zuwa Doso da aka ƙaddamar a 2016, wanda bai zama abin hawan jama'a ba. Abin da yankin ke bukata yana cikin ikon hukumomin gari da ƙungiyoyin direbobi. A yi wa masu kabu-kabu rajista da lamba, a rubuta kuɗin kowane zango a allo a bakin tasha, domin a rage wa baƙo da mace mai goyo zaluncin ciniki. A kafa layin ƙananan bas mai ƙayyadadden lokaci tsakanin Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi, safe da yamma, ko mota ta cika ko ba ta cika ba. Harajin da ake karɓa a tashoshi da kasuwanni kuma a bayyana adadinsa, a ware wani kaso don gyaran hanyoyin karkara kafin ruwa ya sauka.

Yankin da ke ba ƙasa siminti da albasa da kuɗin duwan ya cancanci wannan. Ƴan kasuwa su ne masu biyan harajin, ma'aikata kuma su ne masu rubuta kasafin. Su ya kamata su fara kai wannan bukata gaban hukuma, tun kafin damina mai zuwa.