Wa Ke Ƙidaya Gawarwakin Uromi?

A ranar 27 ga Maris 2025, ana shirin ƙaramar Salla, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta 'yan kudancin Kano da ke dawowa gida daga Jihar Ribas. Da aka ga bindigoginsu na gida, sai aka ce masu garkuwa da mutane ne. Taron jama'a ya rufar musu da duka, ya ƙone mutum 16. Makoki ya sauka a Torankawa ta Bunkure, wadda ke mazaɓar tarayya ɗaya da Rano da Kibiya, har gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya tako gaisuwa tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf.

Bayan wata bakwai, shugaban Amurka Donald Trump ya ce ana yi wa Kiristocin Nijeriya kisan gilla, ya yi barazanar turo soja. Masu goyon bayansa, gida da waje, suka kira abin kisan ƙare dangi. A daren 25 ga Disamba, makamai masu linzami na Amurka suka sauka a Jihar Sakkwato. A lissafin da ya jawo wannan hari, mafarautan Uromi ba su da gurbi, haka ma 'yan Maulidin Tudun Biri, aƙalla 85, da jirgin sojan Nijeriya ya hallaka a Disambar 2023.

Nan ne kiran ya fara ruɓewa. Yarjejeniyar 1948 ta ce kisan ƙare dangi shi ne aikin da aka yi da niyyar shafe wata al'umma, duka ko sashenta, saboda ƙabilarta, launinta, addininta ko ƙasarta. Kalma ce ta shari'a, tana bukatar hujja. Wanda ya tantance gawarwaki bisa addini kafin ya ƙidaya su, ya riga ya yanke hukunci kafin a saurari shaida.

Tarihi ma bai ba masu jiran ceto daga waje abin dogaro ba. A Ruwanda a 1994, an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa rage dakarunta ta yi. A Srebrenica a 1995, an hallaka maza kusan 8,000 a garin da Majalisar ta ayyana tudun mun tsira. Da aka shiga Libiya a 2011 da sunan kare farar hula, gwamnati ta rushe, rumbunan makaman Gaddafi suka watsu cikin Sahel. Arewa ta san ɗanɗanon wannan ceto.

Sai dai masu ɗaga tutar 'yancin ƙasa su ma kada su saki jiki. An kashe masu ibada a cocin Owo a Yunin 2022. An kashe fiye da mutum 100 a Yelwata ta Jihar Binuwai a Yunin 2025. Ɗan bokon Kano da ya yi kukan Uromi ya kuma kau da kai daga Yelwata ya kamu da cutar da yake zargin Amurka da ita. Ƙa'idar alhakin kare al'umma, wadda shugabannin duniya suka amince da ita a 2005, ta ɗora nauyin farko a kan gwamnatin ƙasa. Gwamnatin da ta yar da wannan nauyi ita ta buɗe wa baƙo ƙofa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan duniya da gaske take, akwai hanyar da ba ta bi ta kan rufin talaka ba. Nijeriya ta shiga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya tun 2001. A Disambar 2020, mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda ta bayyana cewa akwai dalilin bincikar Boko Haram da jami'an tsaron Nijeriya kan laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama. A matsa a kan wannan. A bi sawun kuɗi da makamai. A hana masu hannu a kisa, da masu ba su mafaka, shiga ƙasashen da suke ajiye dukiya.

A gida kuwa aikin ya fi kusa. 'Yan sanda sun sanar da kama mutum 14 kan kisan Uromi. Lauyoyi, malamai da 'yan majalisar Rano, Kibiya da Bunkure na da haƙƙin tambaya a fili, kowane wata: ina shari'ar ta kwana, gaban wane alƙali take, yaushe ne zama na gaba? Hukunci ɗaya da aka zartar a bainar jama'a zai tsare matafiyi na gaba a hanyar Uromi fiye da duk makamin da za a harbo daga teku.