RA'AYINMU: DA WA ZA MU KARA?

Sanin kowa ne cewa a 1966, lokacin da aka fara wasannin jami'o'in Nijeriya, watau NUGA, a Ibadan, jami'o'i biyar ne kacal suka hallara: Ibadan da Nsukka da Zariya da Ife da Ikko. Tamu ta Sakkwato ba a kafa ta ba sai 1975. Yau jami'o'i sun yi yawa, har ɗalibi kan gama karatunsa bai taɓa wakiltar makarantarsa a fili ba. Saboda haka muna kira da a kafa gasa ta maƙwabta wadda za a riƙa yi kowace shekara. To, amma su wa za a gayyato?

Ma'auninmu uku ne: hanya, da filin wasa, da jituwar zangon karatu. Girman suna ba ya cikinsu.

Ta fari ita ce Jami'ar Jihar Sakkwato, wadda aka kafa a 2009. Gari ɗaya muke, ba kuɗin mota ba na masauki, ga filin wasa na Giginya ya ishe mu duka. Wannan ba ta bukatar shawara.

Sai na Kabi guda biyu: ta kimiyya da ke Aliero, ta 2006, da ta Tarayya ta Birnin Kabi, ta 2013. Tafiyar kamar kilomita 150 ce, kuma da yake kusa suke da juna, fita ɗaya ta isa a kara da su duka, a dawo kafin darasin Litinin.

Ta Tarayya da ke Gusau, ita ma ta 2013, 'yar'uwa ce, kuma ba mu so a bar ta a baya. Amma tafiyar ta haura kilomita 200, a kan hanyar da 'yan bindiga suka sha tarewa. Ba kofin da ya kai ran ɗalibi. A shigar da ita, amma a tsara wasanninta a taro guda, da rana, da rakiya.

Jami'ar Tawa ta Nijar kuwa ta fi kowace burge mu, don a garin ne aka fara kokawar takobi a 1975. Sai dai iyakar Illela an rufe ta a 2019, an sake rufewa a 2023. Gasa ba ta ɗorewa a kan ƙofar da ba mu riƙe da mabuɗinta. A fara da wasan zumunci tukuna.

Mu yi hattara da abin da ya faru a Amurka, inda a 2024 ƙungiyar Big Ten ta kai jami'o'i 18 saboda kuɗin talabijin, ɗalibai na keta ƙasar a jirgi, karatu na jiransu. Mu da ba mu da kuɗin ma, me zai kai mu?

Hukumar jami'a da ƙungiyar ɗalibai, magana ta rage gare ku. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni: a fara da huɗu, a riƙe su da kyau. Allah ya sa mu dace.