Gargaɗi ga masu iyaye tsofaffi: a rubuta tun hankali yana nan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai na ƙasar Daura, ku sani bara an kira ni sulhu a wani ƙauye wajen Sandamu. Wani dattijo ne ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya karye, hankalinsa yana zuwa yana komowa. 'Ya'yansa 7. Kuɗinsa suna banki, banki kuwa ba ya sakin kuɗin mutum sai da hannunsa ko hannun wanda ya wakilta, shi kuwa bai wakilta kowa ba. Babban ɗan ya ce Baba ya ba shi gonar fadama da baki, ƙannen suka ce ba su ji ba. Ana wannan jayayya, autar 'yar ita kaɗai ke jinya wata 8, har ta sayar da awakinta domin magani.

To, ku sani shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Risala da Muhtasar na Shehu Halilu, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai wadata, namiji ne ko mace. Halilu ya haɗa har da ciyar da mai yi musu hidima. Kyauta kuwa a mazhabar Malik ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya wakilta kowa, sai a tafi gaban alƙali ya naɗa mai kula da dukiyarsa.

Saboda haka nake kira: ku zauna da iyayenku tun suna da lafiya, da ladabi da ƙasƙantar da murya. A rubuta abu 4 gaban shaidu biyu adilai. Na farko, gonaki da gidaje da dabbobi da basussuka, na kansu da waɗanda suke bi. Na biyu, wakilin da suka yarda da shi, a kuma kai sunansa banki. Na uku, gidan da za su yi jinya da wanda zai zauna da su. Na huɗu, abin da kowane ɗa zai riƙa bayarwa duk wata gwargwadon ƙarfinsa.

Wani zai ce wannan kiran mutuwa ne, ko rashin kunya, ko ƙarancin tawakkali. Ina ce masa: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takarda ba ta kusanto ajali. Kunyar da ta hana ka tambayar mahaifinka yau, ita za ta tsayar da kai gaban alƙali gobe kana jayayya da ɗan'uwanka, tsoho yana kwance ba magani.

Malamai, ku faɗi wannan a zaure bayan karatu, ku kuma riƙe alƙalami ga wanda bai iya rubutu ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu ikon yi musu biyayya. Allah ne Mafi sani. Wassalam.