ZAUREN MASU MOTA: Batirin babbar mota, yadda ake zaɓensa da yadda ake haɗa shi

A wannan mako zauren namu zai tsaya kan wani abu wanda mai mota ba ya tunawa da shi sai ranar da direba ya murɗa kile mota ta yi shiru, wato batiri. Ɗan kasuwar da ya loda albasa a Galmi zai kai ta Akara ko Abijan ya san cewa tsayuwar kwana biyu cikin rana ta isa ta mai da riba hasara. Haka nan ma'aikacin da aka damƙa ma motocin gwamnati, shi ke sa hannu bisa takardar saye, shi kuma za a tuhuma in batiri ya mutu bayan wata shida. Da yawa daga cikin baturan da ke mutuwa tun kwanansu bai ƙare ba, wurin saye ko wurin haɗi aka kashe su. Don haka ya kamata mai mota ya san abin nan da kansa, ko da yana da bakanike amintacce.

Abin da ke rubuce a jikin batiri

Batirin dalma da asid tsohon abu ne, domin wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago shi a shekarar 1859, kuma har yanzu bisa wannan tushe ake ƙera batirin tada mota. A cikin akwatin akwai ɗakuna 6, kowanne yana ba da volt 2,1. In an tara su sai a samu volt 12,6, wanda ake kira 12 a taƙaice.

Lambobi uku ne mai saye zai karanta, misali 12 V, 180 Ah, 1000 A. Ku kwatanta da shaton ruwa na gari. Volt shi ne tsayin shaton, wato ƙarfin da ke tunkuɗa ruwa. Lambar Ah ita ce girman tankin: batirin 180 Ah yana iya ba da amper 9 har tsawon awa 20 kafin ya ƙare. Lamba ta uku kuwa kaurin bututun fita ce, wato yawan wutar da batiri ke iya zubo ma demarer gaba ɗaya cikin ƴan daƙiƙu, kuma ana auna ta cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Wani zai ce ina ruwanmu da irin wannan sanyi. To, injin gazuwal na babbar mota yana jan ɗaruruwan amper kafin ya tashi, kuma duk wanda ya kwana a hanyar Agadas cikin watan Janairu ya san yadda inji ke nauyi da asuba.

Wurin saye

Doka ta farko ita ce a bi littafin motar. In babu littafi, a duba lambobin tsohon batiri da girman akwatin da yake zama ciki. Manyan motocin Turai kan ɗauki 140, 180 ko 225 Ah, baturan da ke bin ƙa'idar Japan kuma ana rubuta masu N120, N150 ko N200. Wanda ya sa ƙarami don tsimin kuɗi zai wahalar da shi kullum har ya mutu da wuri. Wanda ya sa babba fiye da kima kuma, in motarsa gajerun tafiye-tafiye take yi cikin gari, alternater ba zai samu lokacin cika shi ba.

Na biyu, a ɗaga batirin a ji nauyinsa. Dalma ce ke aiki a ciki, kuma dalma nauyi gare ta. Batirin 180 Ah na kirki yana kaiwa wajen kilo 45. In an ba ku wanda yaro zai ɗauka da hannu ɗaya alhali an rubuta 180 a jikinsa, to takardar kuka saya. Hausawa sun ce arha ba ta ado.

Na uku, a duba ranar ƙira. Batirin da aka zuba ma asid yana tsufa ko da yana ajiye a kanti, balle a kantin kwano cikin zafin bazara. Wanda ya wuce wata shida a ajiye ba a cika shi ba, a nemi wani. A sa mai kanti ya auna shi da na'urar awon volt a gabanku: 12,6 ko 12,7 cikakke ne, 12,2 rabi ne, abin da ya yi ƙasa da 12 kuwa ya kusa zama wofi. Kada a fita ba da takardar garanti mai kwanan wata da hatimi ba, musamman in kuɗin hukuma ne.

Na huɗu, batirin tada mota daban yake da batirin wutar hasken rana. Na mota yana da faranti sirara masu yawa don ya zubo wuta mai ƙarfi a ɗan lokaci, na hasken rana kuma farantansa masu kauri ne don ya ba da wuta kaɗan-kaɗan dare guda. Kowanne in aka sa shi aikin ɗan uwansa ba ya daɗewa. Kuma tun da hanyoyinmu na jar ƙasa suna girgiza mota, a nemi irin wanda aka ƙera domin manyan motoci, mai jure jijjiga.

Haɗin jere da haɗin kafaɗa

Manyan motocin Turai irin su Mercedes, Renault, MAN da DAF, da na Sin irin su Howo, da volt 24 suke aiki. Ana samun 24 ɗin ne ta haɗa batura biyu a jere, abin da bakanikai ke kira seri. Kan + na batirin farko ya tafi wajen demarer. Kan – nasa a haɗa shi da kan + na batiri na biyu da gajeriyar waya mai kauri. Kan – na batiri na biyu kuma a ɗaure shi jikin shasi, wato mas. A wannan haɗi volt ne ke taruwa, Ah ba ya ƙaruwa: batura biyu masu 12 V da 180 Ah suna ba da 24 V da 180 Ah, ba 360 ba.

Haɗin kafaɗa da kafaɗa kuwa, wanda ake kira paralel, shi ne a haɗa + da +, a haɗa – da –. Nan volt yana tsayawa 12, Ah ne ke taruwa. Haka manyan motocin Amurka suka saba, volt 12 da batura uku ko huɗu. A irin wannan haɗi, a ɗauki wayar + daga batirin wannan gefe, wayar mas daga batirin wancan gefe, don nauyi ya rabu daidai. Saboda haka, kafin a taɓa komai a tabbatar da volt ɗin motar, domin sa 24 a motar 12 yana ƙone ƙwai da na'urori nan take.

Batura biyun da za a haɗa tilas su zama tagwaye: kamfani ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya. Manomi ba ya ɗaura tsohon sa da ɗan bijimi a garma ɗaya. In ɗaya ya mutu bayan sun daɗe tare, a sake su duka biyu, wanda ya rage da sauran rai a ba shi wani aiki. Mai motar da ya saye ɗaya kawai yana ganin ya rage kashe kuɗi, amma tsohon zai ja sabon ƙasa, bayan ƴan watanni ya sake komawa kanti.

Wayar rediyo da ke cinye batura

Ga wata al'ada da ta yaɗu a tashoshinmu. Direba yana son rediyo, ko fanka, ko abin cajin waya mai aiki da volt 12, sai karen mota ya jawo waya daga batiri ɗaya, wato wanda ke ɗaure da mas. Abin yana aiki, shi ya sa ba a ganin illarsa da wuri. Amma alternater jimillar batura biyun kawai yake gani, kuma wuta ɗaya ce ke ratsa su duka. Wanda ake tatsa kullum ba ya cika, farantansa su yi ta kama wani farin gishiri da ke toshe su. Ɗayan kuma yana cika ya wuce kima, ruwansa ya yi ta tafasa yana ƙafewa. Ƙarshenta a rasa su duka biyu, ɗaya yunwa ta kashe shi, ɗaya ƙoshi. Maganin abin wata ƴar na'ura ce mai sauko da 24 zuwa 12, wadda ke jan wuta daga batura biyun daidai, a sa mata fizibil kusa da batiri. Kuɗinta bai kai na batiri ɗaya ba.

Haka nan a riƙa lissafin wutar da ake sha in inji yana kashe. Kayan da ke jan wat 120 a motar volt 24 amper 5 suke sha. In suka kwana awa 10 a kunne, 50 Ah sun tafi, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na batirin 180 Ah ke nan. Batirin tada mota kuwa ba ya son a sauke shi ƙasa da rabi. Motar da za ta daɗe a tsaye, a duwan ko a gareji, a kashe mata makullin raba batiri.

Waya, kwas da tsaro

Wayar demarer ta babbar mota takan kai kaurin milimita murabba'i 50 zuwa 70, kuma wayar da ke tsakanin batura biyu da ta mas kada su gaza haka. Kwas ya kama kan batiri tam, ba tare da an buga shi da guduma ko an cusa ƙusa a tsakani ba. Gwaji mai sauƙi shi ne a taɓa kwas bayan an tada inji, wanda ya yi zafi bai kama da kyau ba. Kan + ya ɗan fi kan – kauri, an yi haka ne don kada a juya su, domin juyawar daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone alternater.

Wurin kwancewa a fara da wayar mas, wurin ɗaurawa a ƙare da ita. Dalili shi ne muddin mas yana ɗaure, duk ƙarfen da ya haɗa kan + da jikin mota zai yi tartsatsi har ya narke. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin aiki. Batiri yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda ke fashewa in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, don haka ba taba, ba ashana. Kada a cire wayar batiri inji yana aiki wai don a gwada alternater, motocin yanzu masu kwamfuta ba sa yafe wannan. Na'urar awo ta isa: in inji yana gudu ta nuna wajen volt 28 a motar 24, wajen 14 a motar 12. Kafin mai walda ya taɓa shasi a kwance batura. Mai taimakon tada mota kuma, 24 da 24 ake haɗawa, 12 da 12.

Zafi da ruwa

A Turai sanyi ke hana batiri aiki, a nan zafi ke cinye shi. Masu ƙira suna lissafin cewa kowane ƙarin digiri 10 bisa 25 yana rage kwanan batiri da kamar rabi, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Saboda haka batirin da ke da murafu a duba ruwansa akalla sau ɗaya a wata, a lokacin bazara sau biyu. Ruwan ya rufe faranti da kamar santimita 1. Tataccen ruwan batiri kaɗai ake ƙarawa, ban da ruwan rijiya ko na famfo, ban da asid kuma, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan. Farin garin da ke taruwa bisa kwas a wanke shi da ruwan kanwa ko bikarbonat, a kiyaye kada ya shiga cikin ɗakunan, a shanya, a shafa girisi kaɗan. A ɗaure batiri da ƙarfensa, igiyar roba ba ta hana shi tsalle.

Magana ta ƙarshe kan mataccen batiri ce. Dalma guba ce, musamman ga yara. A unguwar Thiaroye-sur-Mer ta bakin Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙurar dalmar tsofaffin baturan da ake fasawa a unguwar. Kada a fasa batiri a cikin gida, kada a zubar da asid ɗinsa inda yara ke wasa ko kusa da rijiya, kada kuma a mai da akwatinsa mazubin ruwan dabbobi. A mai da shi ga mai kanti ko masu sayen tsofaffi yana rufe yadda yake.

Shawararmu ga kowane mai mota da kowane shugaban gareji ita ce ya rubuta ranar saye da fenti a jikin batiri, ya kuma aje na'urar awon volt a motar, ya koya ma direba da karen mota karanta ta. In aka auna batura biyu da safe ɗaya ya nuna 12,6 ɗaya 12,1, to a nemi dalili tun mota tana gida, kafin a yi lodi. Allah ya kiyaye hanya, ya ba kowa sa'ar abin da ya fita nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.